Daga Zauren Zango: Ƙoƙon Da Ya Haɗa Ni Da Maƙwabcina

 Makon jiya na yi alkawarin za mu ƙarasa maganar kuɗin lakwal. A yi mini afuwa, na ɗaga ta zuwa mako mai zuwa, don wani abu ya faru a zaurena wanda nake jin zai iya faruwa a zauren kowa.

Wata Asabar ce, ruwa ya kore mu daga Asigame tun kafin La'asar. Na rufe shago, na hau zemijan, na iso Zango jiƙe sharkaf. Ina sa ƙafa a zaure sai na iske yara biyar sun yi da'ira a kan tabarma, ciki har da ɗana na biyu, mai shekara 16. Ga kaye a gaban kowa, ga bik, ga kuma wasu 'yan duwatsu irin na ludo a tsakiya, sai dai waɗannan ba fuska shida gare su ba, akwai mai fuska har 20. Wani yaro ya jefa, duk suka yi ihu. Ban tsaya tambaya ba. Na ce caca a gidana? Na kwashe duwatsun na zuba a aljihu, na ce kowa ya kama gabansa.

Yaron ya biyo ni har ɗaki yana cewa, “Baba, wallahi ba kuɗi a ciki, labari ne kawai.” Na ce kawo kayen. Da na buɗe sai gabana ya faɗi fiye da ɗazu. A shafin farko an zana wani ƙoƙo mai gindi yana ta haske, da gicciye a samansa, an rubuta Graal da manyan baƙaƙe. Uwargida ta leƙo ta gani, ta dafe ƙirji ta ce, “Alhaji, shi ke nan, sun fara ja mana shi coci.” Don mai jan ragamar wasan jikan maƙwabcinmu ne, ɗalibi a Jami'ar Lome, kuma gidansu 'yan Katolika ne tun kaka da kakanni.

Kakan nasa mutumina ne. Tsohon mushen lakwal ne, Ewe, ya yi ritaya. Mun fi shekara 20 katanga ɗaya, ranar Babbar Salla cinyar rago tana shiga gidansa, ranar Kirsimeti shinkafa tana shigowa nawa. Daren nan na kwana ina juya yadda zan tunkare shi ba tare da zumunci ya ɓaci ba. Ashe shi ma bai yi barci ba. Washegari da yamma, bayan ya dawo daga coci, sai ga shi da sallama, fuska a murtuke. Ya ce, “Alaji, na zo ne kan maganar yaran nan. Jikana yana wasa da ƙoƙon Ubangijinmu da duwatsun ludo, kuma a gidanka ake yi. Ban ji daɗi ba.”

Ka ji fa. Ni ina tsoron ana cusa wa ɗana addininsu, shi yana jin haushin ana wasa da addininsa. Muka dubi juna, dariya ta ƙwace mana. Na sa aka kawo shayi.

A nan ne ya gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Ya ce a cikin Linjila an ambaci ƙoƙon da Yesu ya miƙa wa almajiransa a cin abincinsu na ƙarshe, wanda Kiristocin Hausa ke kira Jibin Ubangiji, amma babu inda aka faɗi abin da ya sami ƙoƙon bayan wannan dare. Duk labarin mayaƙan da ke hawa dawaki suna nemansa, ba karatun coci ba ne, aikin marubutan hikaya ne. Mu dai Musulmi mun san matsayinmu game da Annabi Isa, alaihis salam: ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Shi ma ya san haka muka yi imani, bai ja ni ba, ban ja shi ba. Abin da ya dame mu duka shi ne mu gane me yaran nan suke yi.

Na ɗauki kwanaki ina tono, shi yana fassara mini abin da ke cikin Faransanci. Ga abin da muka samu.

Wanda ya fara rubuta labarin wani Bafaranshe ne mai suna Chrétien de Troyes, tsakanin 1180 da 1190, wato sama da shekara dubu da ɗari bayan zamanin Annabi Isa. Kuma a wurinsa abin ba ma ƙoƙon sha ba ne, akushi ne na zinariya irin wanda ake kawo wa manya abinci a ciki. Wani saurayi baƙauye, Perceval, ya sauka a gidan wani sarki mai rauni wanda ba ya iya tashi. Suna zaune sai aka wuce da mashi yana ɗigar jini, wata budurwa ta biyo baya da akushin. Saurayin ya so ya tambaya wa ake kai wa wannan abinci, sai ya tuna maigidansa ya gargaɗe shi da yawan surutu, ya ja bakinsa ya yi gum. Da gari ya waye ya tarar da gidan wayam. Daga baya aka ce masa da ya yi tambayar, da sarki ya warke, da ƙasa ta zauna lafiya. Marubucin bai ƙarasa littafin ba, kuma kun san halin mutane da labarin da aka bari a buɗe: kowa ya zo sai ya ɗora nasa. Wajajen 1200 wani mai suna Robert de Boron ya ce ai ƙoƙon Jibin ne, kuma a cikinsa Yusufu mutumin Arimatiya ya tari jinin Almasihu. Wani Bajamushe, Wolfram von Eschenbach, ya ce a'a, dutse ne. A haka labarin ya haɗe da na Sarki Arthur na Ingila da jarumansa.

Da mushe ya zo wurin shirun Perceval sai na ji kunya ta kama ni, don ni ma haka na yi ranar Asabar. Na ga abu yana wucewa a gabana, ban tambaya ba, sai dai ni maimakon shiru faɗa na yi. Matambayi ba ya ɓata, mun sha faɗa wa yara, mu ne ba mu cika aiki da shi ba.

Inda labarin ya fi ja na, a matsayina na ɗan kasuwa, shi ne wajen kayan kansu. Don akwai garuruwan da suka ce ƙoƙon yana hannunsu, kuma ba ɗaya ba ne.

A birnin Balensiya na ƙasar Sifen akwai wani ɗan ƙoƙo na dutsen aƙiƙ, an yi masa gindi da hannaye na zinariya. Yana babban cocin garin tun 1437, kuma yadda ya shiga can zai ba ku dariya: sarki ne ya ci bashi don yaƙi, ya ba da kayan tsarkin fadarsa jingina, bai dawo ya fansa ba. A jikin gindinsa akwai ɗan rubutu da baƙaƙen Larabci. Fafaroma John Paul na biyu ya yi ibada da shi a 1982, Benedict na 16 ma ya yi a 2006. Mushe ya ce shi da idonsa ya ga John Paul lokacin da ya zo Togo a watan Agustan 1985, kuma ya ce ko fafaroman ba su tilasta wa kowa ya yarda cewa ƙoƙon Balensiya shi ne na ainihi ba. Girmamawa ce, ba sharaɗin imani ba.

Na biyu yana Jenowa ta Italiya, wani koren faranti mai kusurwa shida da mayaƙansu suka kwaso daga Kaisariya ta Falasɗinu a 1101. Ɗaruruwan shekaru ana cewa zumurrudu ne guda, dutse mai tsadar da ba ta misaltuwa. A zamanin Napoleon aka ɗauke shi zuwa Paris, da aka dawo da shi a 1816 ya dawo a fashe, kuma ta tabbata gilashi ne. Duk wanda ya taɓa sayen dilar atamfa a matsayin 'yar Holan, ya wanke ƙyalle ɗaya ruwa ya koma shuɗi, ya san abin da mutanen Jenowa suka ji.

Cinikin irin waɗannan kaya babbar harka ce a Turai ta wancan zamani. Rawanin ƙaya da suke cewa an sa wa Almasihu, sarkin Kustantiniya na lokacin ya jinginar da shi wurin attajiran Benis, sarkin Faransa Louis na tara ya biya bashin ya kai shi Paris a 1239, ya gina masa coci na musamman. Shi ne wanda aka fitar da gudu lokacin gobarar cocin Notre-Dame a ranar 15 ga Afrilun 2019. Inda kuɗi ya shiga kuwa jabu sai ya biyo baya. Tun a 1215 babban taron malaman coci a Rum ya hana fitar da tsofaffin kayan tsarki don sayarwa, ya kuma hana girmama sababbi sai da izinin fafaroma. A 1543 John Calvin, ɗaya daga jagororin waɗanda suka ɓalle daga Katolika, ya rubuta littafi guda yana yi wa harkar ba'a, har yana cewa gutsattsarin gicciyen da ake nunawa a coci-coci sun isa lodin jirgin ruwa. Har gobe dokar Katolika ta haramta sayar da su. Wato gardamar ta cikin gida ce tun da daɗewa, ba mu muka fara ba.

To, shi wasan fa? Yaran suna kiransa da Faransanci, ni dai na sa masa suna wasan shiga labari. An fara buga irinsa a Amurka a 1974, mai suna Dungeons & Dragons, na Gary Gygax da Dave Arneson. Ba allo, ba waya. Mutum ɗaya shi ne mai jan labari, kamar kaka da tatsuniya, sai dai a nan masu sauraro ba “uhm” kawai suke cewa ba. Kowa yana da mutuminsa a cikin labarin, an rubuta ƙarfinsa da wayonsa da halinsa a kaye. Mai jan labari ya ce kun iso bakin kogi, gada ta karye, me za ku yi? Kai ka ce zan yi iyo. Sai a jefa dutse, lambar da ta fito ita za ta nuna ka haye ko ruwa ya tafi da kai. Babu wanda ya ci, babu wanda aka cinye. A shekarun 1980 iyaye da fastoci da yawa a Amurka sun tayar da ƙura cewa wasan shaiɗan ne, don haka ni da mushe ba mu ne farkon tsofaffin da suka firgita ba.

Wanda jikan nasa ya kwaikwayo sunansa Pendragon, na Greg Stafford, ya fito a 1985, kuma kacokan a kan jaruman Sarki Arthur aka gina shi. Abin da ya ba ni sha'awa, ba ƙarfin damtse kaɗai ake rubutawa ba. Ana auna hali biyu-biyu: kyauta da rowa, gaskiya da yaudara, yafiya da ramuwa, tawali'u da girman kai. In ka cika yin rowa a cikin labari lambar rowarka ta hau, wata rana kana so ka yi kyauta halinka ya hana ka. Ƙoƙon kuwa ba a samunsa da takobi, sai mai tsarkin hali. Ashe shi ya sa masu irin wannan wasa ke son sa. Abu ne da kowa ya ji sunansa, ba wanda ya san inda yake, kuma nemansa yana fitar da mutum daga gida ya bi duniya.

Mu ma ai muna da namu. Ga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya rubuta don gasar 1933: mutum ya bar gida shekara da shekaru yana neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da Malam Zurƙe a hanya. Ku cire dawakin Turawa da sulke, ƙashin bayan labarin ɗaya ne. Kuma wajen kayan tarihi masu kwarjini ba a bar mu a baya ba. Ga takobin da ake dangantawa da Bayajidda a Daura da rijiyar Kusugu, ga Gajere takobin Korau a Katsina. Ga Dirki a Kano, wani ƙunshi da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka, har Sarki Alwali ya sa aka fasa shi aka tarar Alƙur'ani ne a ciki, kuma littafin tarihin Kano ya haɗa wannan da korar da aka yi masa daga sarauta a zamanin jihadi.

Amma kada in yi muku daɗin baki. Akwai wani nau'in a waya wanda ban yarda da shi ba sam. Misali akwai na Japan, Fate/Grand Order, da ya fito a 2015, inda ƙoƙon ya zama na'urar biyan buƙata, jarumai na kashe juna a kansa, har ana tara ƙoƙuna ana ƙara wa jarumi ƙarfi da su kamar ana ba rago dusa. Saukar da shi kyauta ne, amma ana sa kuɗi a ja ƙuri'a ko a dace da jarumin da ake so. Wannan kam ya fi kusa da abin da na zarga tun farko. Mai yaro da waya da kuɗi a cikinta, ya riƙa dubawa.

Da mushe ya ji wannan sai ya yi shiru, can ya ce, “Alaji, in tambaye ka. A Istanbul akwai alkyabba da takubban da ake dangantawa da Annabinku. Da yaran nan su suka sa a wasa suna jefa dutse a kai, da shayi za ka ba ni?” Wallahi sai da na ajiye kofina. Gaskiya ita ce da ba shayi zan ba shi ba. Na san kaina, na san Zango. Kuma na tsani mai awo da mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban. Tun da nake ta cewa “ai hikaya ce kawai”, na manta cewa bayan hikayar akwai ƙoƙon da mutumin nan yake durƙusawa a gabansa kowace Lahadi tun yana yaro. Hikayar ta Chrétien ce, amma abin da take taɓawa nasa ne. Na ce, “Mushe, ka yi gaskiya. Faɗi abin da kake so.”

Bai ce a hana ba. Ya ce kada a kwaikwayi ibadar coci a cikin wasa, kada wani ya yi magana da bakin Yesu, kuma ƙoƙon kada ya zama abin da ake sata ko sayarwa ko jifa da shi. Ni kuma na ce kada a sa wani annabi ko mala'ika a bakin kowa, ba kuɗi ko na dala, kuma in an kira salla a rufe kaye.

Saura duwatsun da ke aljihuna. Na kai wa malaminmu bayan sallar Asuba, na ce, “Allah gafarta Malam, ga abin da na kama.” Ya jujjuya mai fuska 20 ɗin yana mamaki. Ya ce akwai hadisi ingantacce a Sahihu Muslim mai tsananin hani ga wasan nardi, wanda da irin waɗannan duwatsu ake yinsa, kuma malamai da yawa sun hana shi ko babu kuɗi, shi ya sa shi ko ludo ba ya bari a gidansa. Amma ya ce jan ƙuri'a don raba gardama yana da asali, don Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Shawararsa a bar duwatsun, a fita daga shubuha. Wannan fahimtar malaminmu ce, kowa ya tambayi nasa. Yaran dai suka yanka takarda gida 20, suka rubuta lambobi, suka zuba a tsohuwar hulata.

Asabar da ta biyo na zauna a gefe na kalla, uwargida tana bayan labule wai tana tsintar shinkafa. Ashe mutumin ɗana a cikin labarin ba ma jarumin coci ba ne. Bafatake ne Bakano mai raƙuma uku, wanda jaruman suka ɗauka ya ratsa da su Sahara, kuma ya ƙi karɓar ladansa sai an rubuta a takarda. Na ce a raina, wannan jinina ne. Suka iso wata rijiya da ta ƙafe, saura salka ɗaya, ga wani tsoho kwance yana nishi. Yaran nan suka kwashe kusan rabin awa suna gardama, da Faransanci da Hausa da Mina, a ba shi ruwan ko a wuce. Ɗana, wanda a gida sai ka yi da gaske kake jin kalma biyar daga bakinsa, shi ne ya tsaya kai da fata sai an tambayi tsohon me ke damunsa tukuna.

Da suka tashi sai na ce musu, ku da kuke da hanyar Gwanja me ya kai ku dajin Ingila? Suka ce mece ce hanyar Gwanja? Kash. Yaran Zango, jikokin fatake, ba su san ta ba. Laifin wa? Na zauna na ba su yadda ayari ke tashi daga Kano da kanwa da fata da baƙin yadi, a haye Kwara, a bi ta Nikki da Zugu har Salaga a sayo goro, tafiyar watanni. Na gaya musu aikin madugu, da jagaba mai gaba, da uban dawaki mai cinikin fito da sarakunan hanya, da malamin ayari mai duba ranar tashi. Na gaya musu yaƙin basasar Salaga na 1892 shi ya watsa mutanenmu zuwa Kete-Krachi da sauran zangogi, kuma ko wannan Zangon da muke zaune ba nan yake ba, a tsakiyar Lome yake kafin a taso mu zuwa nan Agwe a 1977. Jikan mushe yana ta rubutu, bik ɗinsa har yana ƙara.

Labarin ƙoƙon dai sun ce saura zama uku su ƙare shi, kuma mushe ya ce zai zo na ƙarshen ya ga ko an cika sharuɗɗansa. Na gaba sun riga sun zana taswirarsa, daga Kano zuwa Salaga, an sace wani takobi a hanya. Sun ce ni ne madugu. Na ce ba ni da lokacin shirme. Jiya da daddare dai an gwada zaman farko, na sa hannu a hula na jawo lamba 2 a bakin Kwara, jakuna huɗu suka tafi da kanwarsu. Uwargida daga bayan labule ta ce ai dama ta faɗa a jira ruwa ya janye.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan kuɗin lakwal.